Yadda Ake Gyara Sibi Ya Dace da Aikin da Kake Nema

Takardar bayanan kai, wadda ake rubuta wa CV mu kuma mu ce sibi, guda ɗaya tal nake da ita a shekarun da na fara neman aiki. Shafi huɗu cif, har da makarantar firamare da wasannin da nake sha'awa. Duk sanarwar da na gani, ita nake turawa, ko wasali ba na sauyawa. Amsar da nake samu ita ce shiru kamar an aiki bawa garinsu. Sai da na zauna a ɗaya ɓangaren teburin, aka jibge mini takardun masu neman aiki aka ce in tace, sannan na gane inda na yi ta kuskure. Mai tacewa ba tarihin rayuwarka ya zo karantawa ba. Sanarwar aikin tana gefensa, yana duba takardarka ne ya ga ko ta amsa abin da sanarwar ta tambaya. Kuma ba ya daɗewa. Kamfanin Ladders ya yi wani bincike a 2018 da na'urar bin motsin ido, ya gano cewa duban farko da masu ɗaukar ma'aikata ke yi wa takarda bai wuce daƙiƙa 7.4 ba a matsakaici. Abin da idonsa bai kama a wannan ɗan lokacin ba, kusan kamar ba ka rubuta shi ba ne.

Saboda haka kowane aiki da nasa sibi. Ba sabo za ka riƙa rubutawa daga tushe ba, gyara ne irin na tela: yadin ɗaya ne, awon ne ke sauyawa.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko, sanarwar aikin cikakkiya. Kwafe rubutunta ka ajiye, ko ka ɗauki hotonta, domin da zarar wa'adi ya cika akan sauke ta daga intanet, kai kuwa za ka sake buƙatarta ranar da aka kira ka ganawa. Na biyu, tsohon sibinka da takardun shaidarka, don ka tabbatar da shekaru da sunayen muƙamai. Na uku, manhajar rubutu. Microsoft Word ce aka fi amfani da ita, amma in ba ka da ita, Google Docs da LibreOffice Writer kyauta ne kuma sun wadatar. In waya kaɗai gare ka, Google Docs ko WPS Office za su yi, sai dai ka nemi babban allo ka duba aikin kafin ka tura, don waya tana ɓoye karkacewar layuka. Sai biro mai launi biyu da farar takarda, da mutum ɗaya mai kaifin ido da zai karanta maka a ƙarshe. Karon farko ka ware awa biyu. In hannunka ya faɗa, rabin awa ma ta isa.

1. Haɗa uwar sibi

Wannan sau ɗaya ake yi. Buɗe fayil ka zuba komai: duk aikin da ka taɓa yi, na albashi da na sa kai, duk horon da ka samu, duk manhaja ko na'urar da ka iya sarrafawa, duk nasarar da za ka iya tunawa tare da alƙalumanta. Ko ya kai shafi goma babu laifi, ba wanda zai gani sai kai. Wannan ita ce uwa, ba a tura ta ko'ina. Duk lokacin da za ka nemi aiki, sai ka yi kwafinta ka yi yanka a jikin kwafin. Kada ka taɓa gyara a kan uwar. Na taɓa yin haka, na goge bayanan aikin shekara uku, na kwana biyu ina lalube a tsofaffin wasiƙu kafin in dawo da su.

2. Feɗe sanarwar har wutsiya

A nan yawancin mutane ke faɗuwa, don suna karanta sunan muƙamin da ranar rufewa kawai su wuce. Ni sau uku nake karantawa.

Karatun farko na fahimta ne: wace matsala ce ta sa suke neman mutum? Ba a buɗe gurbi don nishaɗi. Ko kaya na ɓacewa a sito, ko rahoto ba ya fita a kan lokaci, ko kwastomomi na ƙorafi. In ka gano ciwon, ka san maganin da za ka nuna kana da shi.

A karatu na biyu ka ɗauki biro. Launi ɗaya ka ja wa sharuɗɗan dole layi, wato inda aka ce "wajibi ne", "ana buƙatar", "aƙalla shekara kaza". Ɗaya launin kuma na abubuwan da aka ce samun su ƙari ne, rashinsu ba ya hana ɗauka. Raba waɗannan biyun yana da muhimmanci, domin na dole ne za su mamaye saman takardarka.

Karatu na uku na farautar kalmomi ne. Wace kalma ce ta maimaitu? Wane aiki aka fara ambata a jerin ayyukan? Galibi abin da aka sa a sama shi ne ya fi damun su. Rubuta kalmomi takwas zuwa goma sha biyu da suka fi fitowa, daidai yadda aka rubuta su, ba yadda kai ka saba faɗa ba.

Bayan nan ka leƙa shafin ma'aikatar na intanet, ko shafinta na LinkedIn, ka ga me suke yi da kuma irin harshen da suke magana da shi. In sanarwar gajeriya ce, layi uku babu bayani, nemo sanarwa uku ko huɗu na irin muƙamin daga wasu wurare, abin da ya haɗa su duka shi ne jigon aikin. Wani abu kuma da ba zan wuce ba tare da na faɗa ba: duk sanarwar da ta ce ka biya kuɗi kafin a duba takardarka, rufe ta ka kama gabanka.

3. Gwada kanka da sanarwar

Raba farar takarda gida biyu. A hagu ka jera sharuɗɗan, a dama ka rubuta hujjarka a gaban kowanne: a ina ka yi, yaushe, me ya fito. Hujja nake nufi, ba ikirari ba. Misali, a ce aikin mai kula da sito ne, sanarwar ta ce ana son wanda ya iya lissafin kaya da Excel, ya iya hulɗa da masu kawo kaya, ya kuma taɓa jagorantar ma'aikata. A gaban na farko ka rubuta inda ka yi lissafin da yawan kayan. A gaban na uku, in ba ka taɓa zama shugaba ba amma ka horar da sabbin ma'aikata biyu, rubuta hakan, hujja ce.

Wannan takardar za ta gaya maka gaskiya. In yawancin sharuɗɗan dole suna da hujja a gabansu, nemi aikin ko da ƙarin babu. Sanarwa sau da yawa tana zayyana mutumin da ake mafarkin samu ne, ba wanda za a ɗauka a ƙarshe ba. Amma in abin da ka rasa lasisi ne ko rajistar sana'a da doka ta wajabta, kamar na aikin jinya ko tuƙin babbar mota, gyaran takarda ba zai cike gurbin ba. Adana ƙarfinka.

4. Gyara saman takarda

Kashi ɗaya cikin uku na farkon shafin shi ne wurin da ido ke fara sauka. Sunanka, lambar waya, imel, garin da kake. Imel ɗin ya zama mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai suka sa maka ba. Ƙarƙashin suna ka sa layi ɗaya mai bayyana sana'arka da kalmomin da suka yi kusa da sunan muƙamin da ake nema, matuƙar gaskiya ne.

Sai taƙaitaccen bayani, layi uku ko huɗu. Goge tsohon zancen nan na "ni mutum ne mai ƙwazo, mai gaskiya, ina neman wurin da zan ba da gudummawa". Kowa haka yake rubutawa, mai tacewa ya daina ganinsa. Ɗauko manyan hujjoji uku daga takardar gwajinka ka ɗinke su. Kamar haka: "Mai kula da sito, shekara 5 a kamfanin rarraba kaya. Na riƙe lissafin kaya iri 800 da Excel, ina hulɗa da masu kawo kaya 12, na horar da sabbin ma'aikata." Da harshen da aka rubuta sanarwar za ka rubuta, Ingilishi ne ko Faransanci ko Larabci, na kawo misalin da Hausa ne don ka ga ginin.

5. Sake gina sashen gogewar aiki

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa.

Jerin ayyukan ya fara daga na baya-bayan nan ya koma baya, wannan ba ya sauyawa. Abin da ke sauyawa shi ne layukan da ke ƙarƙashin kowane aiki. A cikin uwar sibi wataƙila kana da layi goma a ƙarƙashin aiki guda. Zaɓi uku zuwa biyar da suka amsa sanarwar, ka jera su bisa muhimmancinsu ga wannan ma'aikatar, ba bisa yadda kai kake alfahari da su ba. Wannan yana da ciwo. Akwai aikin da ka sha wahalarsa, kake ji da shi, amma bai shafi abin da ake nema ba. Cire shi, yana nan a cikin uwa, ranarsa za ta zo.

Kowane layi ya ƙunshi abu uku: me ka yi, yaya girmansa, me ya haifar. Dubi bambancin. Wani zai rubuta "alhakin kula da kaya a sito yana wuyana". Wannan ya gaya mana abin da aka ɗora maka ne, bai gaya mana ko ka sauke ba. Kwatanta da "na sauya ƙidayar kaya daga ta wata-wata zuwa ta mako-mako, kayan da ke ɓacewa suka ragu da kusan rabi cikin wata shida". Na biyun ya nuna mutum mai tunani. Fara kowane layi da aikatau mai ƙarfi: na tsara, na rage, na horar, na gyara, na tattara.

Mutane kan ce mini ai aikinsu ba shi da alƙaluma. Yana da su, ba ka ƙirga ba ne. Malami yana da yawan ɗalibai da azuzuwa. Mai karɓar baƙi yana da yawan mutanen da yake saurara a rana. Direba yana da nisan tafiya da shekarun da ya yi babu haɗari. In ba ka da ainihin adadin, ka yi ƙiyasin da za ka iya karewa, ka sa "kimanin" a gabansa. In ko ƙiyasin ba zai yiwu ba, faɗi sakamakon da kalmomi: an rungumi tsarin a sauran rassa, an ƙara maka girma bayansa. Kada dai ka ƙago lamba, kuma kada ka fallasa sirrin kuɗin tsohon wurin aikinka. Kaso cikin ɗari ya ishe ka.

Yanzu ɗauko jerin kalmomin nan na mataki na biyu. Duk inda ka yi abu ɗaya da abin da suke nema amma ka kira shi da wani suna, sauya zuwa sunansu. In sun ce "kula da kwastomomi" kai kuma ka rubuta "hulɗa da jama'a", ɗauki nasu. In akwai gajartaccen suna na wata takardar shaida ko wani tsari, rubuta cikakken sau ɗaya tare da gajartaccen, don ba ka san wanne za a nema ba. Amma kada ka kwafe jimlolin sanarwar ɗungurungum ka liƙa. Wanda ya rubuta ta zai gane rubutunsa.

Sunan muƙaminka na baya fa? Kada ka ƙara wa kanka girma. In mataimaki kake, mataimaki za ka rubuta, domin akan kira tsohon wurin aiki a tambaya. In sunan na cikin gida ne da ba a sani ba a waje, rubuta shi yadda yake, ka biyo shi da ɗan bayanin da kowa zai gane.

In sabon kammala karatu ne kai, ɗaga sashen ilimi sama, ka ɗauki aikin koyon sana'a, binciken kammala karatu, aikin sa kai da shugabancin ƙungiyar ɗalibai a matsayin gogewa, ka rubuta su da wannan gini na abu uku. In sana'a kake sauyawa, nemo abin da ke ƙetarewa daga tsohuwa zuwa sabuwa. Malamin da ke neman aikin horar da ma'aikata ba sai ya ɓoye koyarwarsa ba, sai dai ya fito da tsara darasi da auna fahimta, ya rage zancen jarrabawa. In kuma akwai giɓi na shekara ɗaya ko biyu da ba ka yi aiki ba, layi guda na gaskiya ya isa, jinya ce ko reno ko karatu. Jan shekarun wani aiki don su rufe giɓin shi ne abin da ke tona asiri.

6. Ilimi, ƙwarewa, da abin da za a zubar

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Babban shaidar karatu a sama. In kana da digiri, firamare ba ta da wuri sai an nema. Horon da ya shafi aikin ya shiga, sauran ya koma uwa. A sashen ƙwarewa ka fara da abin da sanarwar ta ambata, kuma ka sa wanda za ka iya nunawa nan take in an ajiye maka kwamfuta. Harsuna ka faɗi matsayinka a kowanne. Sunayen masu tsaya maka shaida ba sai ka sa ba in ba a nema ba, in kuwa an nema, ka sanar da su tukuna, ka tura musu sanarwar.

7. Yi la'akari da manhajar tacewa

Manyan ma'aikatu da dama ba sa karɓar takarda kai tsaye. Tana shiga wata manhaja ce, irin su Workday, Taleo ko Greenhouse, wadda ke zare rubutun ta rarraba shi gida-gida, sannan mai ɗaukar ma'aikata ya yi bincike da kalmomi. Ana zuzuta wannan manhaja fiye da kima, har wasu na zaton ita ke yanke hukunci ita kaɗai. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne ta iya karanta takardarka daidai.

Don haka ka yi rubutu a shafi mai gida ɗaya, kada ka raba shi biyu. Guji jadawali, akwatunan rubutu, da zanen taurari ko sanduna na nuna ƙwarewa. Lambar waya da imel kada su zauna a can rufin shafi ko gindinsa, wasu manhajojin ba sa karanta wurin. Kanun sassa su zama sanannu: gogewar aiki, ilimi, ƙwarewa. Salon harafi na yau da kullum, Calibri ko Arial, girma 10 zuwa 12. Kada ka buga takarda ka ɗauki hotonta ka tura, hoto ba rubutu ba ne a wurin manhaja.

Ga gwaji mai sauƙi. Zaɓi duk rubutun ka kwafe, ka liƙa a Notepad, manhajar rubutu zalla da ke cikin kwamfuta. In ya fito a jere yadda ya kamata, lafiya lau. In shekaru sun haɗe da sunayen makarantu, gyara tsarin. Akwai kuma dabarar da ke yawo ta cusa kalmomin sanarwa da farin launi don ido kada ya gani. Kada ka yi. Manhajar tana zare rubutun babu launi, sai mai tacewa ya ga tulin kalmomin a fili.

8. Tsawo da al'adar inda za ka tura

Shafi ɗaya ga mai gogewa kaɗan, biyu ga wanda ya daɗe. Aikin koyarwa da bincike a jami'a ne ke karɓar doguwa mai jerin wallafe-wallafe. A Amurka da Kanada ma wannan doguwar ce suke kira CV, gajeriyar kuma rezume, don haka ka lura da wadda aka nema. A Amurka da Birtaniya ba a saba sa hoto, shekarun haihuwa ko matsayin aure ba, saboda dokokin hana nuna wariya. A Jamus kuwa hoto abu ne da aka saba gani, ko da yake ba dole ba ne. Tarayyar Turai tana da tsarin rubuta sibi na kyauta mai suna Europass, wasu wuraren shi suke nema. Girman takarda ma ya bambanta: A4 a yawancin duniya, Amurka da Kanada suna da nasu da ya fi gajarta. In sanarwa ta ba da nata fom ko umarni, shi ne gaba da duk abin da na faɗa.

9. Dubawa da turawa

Ajiye takardar ka tashi, ko na awa ɗaya ne, sannan ka dawo ka karanta da babbar murya. Kunne na kama abin da ido ya tsallake. Danna maɓallan Ctrl da F tare, wato na binciken kalma a kwamfuta, ka nemi sunan ma'aikatar da ka tura wa a baya. Wannan kuskuren na gan shi ba sau ɗaya ba: takarda mai kyau, amma tana yabon wani kamfani daban. Share duk sharhi da alamun gyara da suka rage a fayil ɗin. Sai ka miƙa wa mai karanta maka sanarwar da sibin tare, ka ba shi daƙiƙa goma, ka karɓe, ka tambaye shi me ya gani. In bai ambaci manyan hujjojinka ba, ba su fito sosai ba.

In ka nemi taimakon ChatGPT ko makamancinsa wajen gyaran jimla, babu laifi, amma bi kowane layi da idonka, domin yakan ƙara maka ƙwarewar da ba ka da ita. Ramin ƙarya ƙurarre ne ko ga manya. A 2012 Scott Thompson ya bar kujerar shugabancin kamfanin Yahoo bayan an gano cewa digirin kimiyyar kwamfuta da ke cikin bayanansa bai taɓa samun sa ba. Ka'idata ita ce, duk layin da ba zan iya yin minti biyu ina bayaninsa a gaban masu ganawa ba, ba ya shiga.

Adana fayil ɗin a irin tsarin da aka nema. In ba a faɗa ba, PDF ya fi, don ba ya wargajewa a wata na'ura. Sa masa suna mai ma'ana: sunanka, sibi, sunan muƙamin. Ba "sabo na ƙarshe 3" ba. Buɗe PDF ɗin ka gani da idonka, tura wa kanka tukuna, sannan ka tura musu, kuma kada ka bari sai daren rufewa, lokacin da shafi kan cushe.

Bayan ka tura, buɗe jaka guda a kwamfuta ko waya da sunan ma'aikatar, ka zuba sanarwar, takardar gwajinka, da ainihin sibin da ka tura, ka rubuta ranar. In ka ƙirƙiro wani layi mai kyau a wannan gyaran, mayar da shi cikin uwar sibi. Ranar da aka kira ka ganawa, wataƙila bayan wata biyu, lokacin ka tura wa wurare goma, wannan jakar ce za ka buɗe ka ga wane kwafi ne ke gaban masu yi maka tambaya.